Ƙugun Wandon Direba

Tun ranar da likita ya gaya wa Direba cewa sukari ya yi masa yawa a jini, kuma sai ya rage ƙiba in yana son ƙafafunsa su kai shi tsufa, gidan ya sake tsari. Matarsa tela ce, kekenta na jikin taga a ɗakin gaba. Ita ta ɗauke gwangwanin sukari ta ɗora can saman kabad, ta sauya masa faranti da ƙarami, ta riƙa cika rabinsa da ganye. Shi kuma ya yi alkawarin barin mota a tasha kullum da yamma, ya tako gida da ƙafa.

Ya cika alkawari kuwa. Yakan shigo yana haki, gumi har cikin takalmi, ya zube a kujera ya ce, "Tela, kin ga mutumin da ke kai kowa gida a zaune, shi ne ke zuwa nasa a ƙasa." Sai ta miƙa masa ruwa tana dariya.

To ita Tela akwai wani hali da sana'a ta sa mata. Idonta ba ya iya ganin tufa ta yi wa mutum yawa ta ƙyale. In ta zo guga ta ga ƙugun wandonsa ya fara saki, sai ta ja shi gaban keke, ta ɗan kama shi ta baya, ta goge, ta ninke cikin sauran. Ba ta ɗauki abin a bakin komai ba, balle ta faɗa. A wurinta kamar ɗinka maɓalli ne. Haka ta yi ta yi, wando bayan wando.

Wata safiya ta fito daga kicin da butar shayi, sai ta tarar da shi a tsaye bisa kujera, hannunsa na laluben saman kabad.

"Maigida, sauko kada ka karya min kujera."

"Kin gani ko? Har yanzu ina da nauyin karya kujera."

Ya sauko da gwangwanin, ya zauna ya ajiye shi kusa da kofinsa. Babu wasa a fuskarsa.

"Na haƙura, Tela. Ni ba ni da ma'auni sai wandona. Kullum da safe in zan sa shi, ina jira in ji ya yi min yawa. Yadda ya kama ni ranar da muka dawo daga asibiti, haka ya kama ni yau. Na bar lemo, na bar soye-soyen tasha, abokan aiki har suna kirana Sarkin Tattaki. Duk a banza. Jikina irin na Baba ne, ba ya jin magana."

Ita ta yi jinyar surukin nata lokacin da wannan ciwo ya ci masa ƙafa, kuma ta san mijinta: in ya sa cokali a gwangwanin nan yau, tafiyar yamma ma ta ƙare. Ta dubi ƙugunsa, ta dubi keken ɗinkinta, sai ta dafe kai.

"Cire wandon nan."

"Da safiyar nan? Haba Tela, fasinja na jira."

"Kai dai cire, sarkin zolaya."

Ya ɗaura tawul yana gunaguni. Ta juya wandon ciki waje, ta kai shi bakin taga inda haske yake. Ga layukan ɗinki nan jere a bayan ƙugu, kowanne na cikin ɗan'uwansa, wani da baƙin zare, wani da shuɗi, har da na ja, ranar da baƙin ya ƙare mata.

"Wannan ne ƙugunka na da," ta ce, ta ɗora yatsa a na waje. Ta matsa da yatsan ciki. "Wannan ne na yau. Duk lokacin da ka ragu, sai in bi ka da keke. Wallahi ban san da shi kake awo ba."

Ya daɗe yana kallo. Ya shafa ɗinkin da babban yatsa.

"Wato ni ina gudu, ke kina bina a baya kina share sawuna."

"Ka yi haƙuri. Hannun ne ba ya jin magana."

Ta ɗauko reza ta warware layukan a hankali, ta kakkaɓe zaren, ta miƙa masa. Ya sa, ya ɗaura maɓalli, ya saki hannu. Wandon ya zame har gwiwa.

Dariya ta kama su har Tela ta zauna a ƙasa tana share hawaye. Shi kuwa ya jawo wandon sama, ya riƙe da hannu ɗaya, ya je gaban madubi ya juya hagu, ya juya dama, kamar ango. Da ya dawo, ya tura mata gwangwanin.

"Mayar da abin nan, kin fi ni sanin wurinsa."

Ya kurɓi shayinsa haka, ya yamutsa fuska, ya shanye.

"Kawo in gyara maka kafin ka fita," ta ce. "Ba za ka shiga tasha haka ba, a ce matarka tela ce."

"Kul! Wannan kada allurarki ta ƙara taɓa shi. Nemo min bel. So nake mutanen tasha su gani da idonsu."