Minti Talatin na Saudatu

"Miƙo hannun, ba na son musu," in ji Felicia, tana warware abin awon jini.

Saudatu ta miƙa. Shekara goma sha ɗaya suna aikin jinya tare a ɓangaren masu hawan jini da ciwon suga, amma yau ta fara zama a kujerar marasa lafiya. Jiri ne ya ɗebe ta tana cikin yi wa wani tsoho bayani, sai da ta dafa bango.

Felicia ta auna, ta sake aunawa, sannan ta juyo mata da fuskar na'urar. Ɗari da sittin da biyar a kan ɗari.

"Gajiya ce kawai," in ji Saudatu.

"Su ma haka suke cewa. Ke me kike ce musu?"

Saudatu ta janye hannunta. Ta haddace karatun: a rage gishiri, a rage maiƙo, a yi tafiyar minti talatin kullum. Takan faɗa wa mutum arba'in a yini. Ta sha faɗa wa Inna, uwar mijinta, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da ita shekara biyu da suka wuce. Yanzu ita ke juya ta a kan gado safe da yamma.

"Ina zan samo minti talatin ɗin, Felicia? Ina idar da asuba sai wankan Inna, sai abin kari, sai shirya yara uku. Bakwai da rabi ina cikin keke. In na tashi aiki ga cefane, ga girki. Ai duk motsa jiki ne."

"Wahala daban, tafiya daban. A bakinki na ji."

Tsohon da take yi wa bayani, Modibbo, yana nan zaune da katinsa a hannu. Ya gyara murya.

"'Yata, tafiyar da kika sa ni, ina yi. Daga gida nake takowa nan."

"Ku kun yi ritaya, Baba. Kuna da lokaci."

"Haka ne," ya ce. "Sai dai ko da lokacin ya zo, ya tarar gwiwa ta riga ta tafi. Abin da ya rage nake lallaɓawa."

Ƙarfe huɗu da rabi ta shiga keke kamar kullum. Da suka iso unguwar Wunti ta ce wa mai keken ya tsaya. Ya waigo, don ya san ba nan take sauka ba, sannan ya tsaya.

Ta rataya jaka ta kama hanya. Ta wuce shagunan teloli, ta wuce mai suyar masa da ta ƙauro nan tun bara ba ta sani ba. Minti biyar, numfashinta ya fara fita sama-sama, zufa ta jiƙa mata hijabi. Ita da take wakiltar makarantarsu a gudu tana sakandare. Kunya ta kama ta, ta kuma ji wani abu mai kama da tsoro. Ta rage sauri, amma ba ta tsaya ba.

Wayarta ta yi ƙara. Mijinta ne, Abdulsalam.

"Kina ina? Yara sun dawo, Inna sai tambayarki take."

"Ina hanya. A ƙafa nake."

"A ƙafa? Lafiya? Faɗa mini inda kike in zo da mashin."

Ta dubi titin. In ya zo, cikin minti uku tana gida, ta cire hijabi ta shiga kicin. Ta share goshinta da bayan hannu.

"Abban A'i, jinina ya hau. Yau aka auna. Kada ka zo, ka bar ni in tako. In taimako za ka yi mini, lokacin maganin Inna ya yi. Yana cikin kwanon da ke kan firji."

Bai kashe wayar ba. Sai ta ji takunsa a tsakar gida, ta ji ƙarar murfin kwano.

"Kala uku ne a nan," ya ce a hankali. "Wanne ake ba ta da yamma?"

"Ƙaramin farin," ta ce, tana tsallaka kwata. "Ka fara ba ta ruwa tukuna."