Bunsurun da Ya Karɓe Mini Tabita

Jiya da dare wani mafarki na yi, kuma ba zazzaɓi nake ba, ban ci komai ba sai tuwon dawa da miyar karkashi.

Na ga kaina a bakin wani gari, ina riƙe da hannun autata Tabita, 'yar shekara tara. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake ɓuɓɓugowa yana tafiya sama, kowa ya kifar da lemarsa ya shiga ciki ya tsaya kamar kaza a kwando. An rubuta a ƙofa, Garin Sauƙi. Ni karatuna aji uku ne, amma wannan na iya karanta shi.

A bakin ƙofar akwai ofis. Bunsuru ne a bayan tebur, da kwat da tabarau.

"Dattijo, ajiye yarinya a nan," ya ce. "Ba a shiga gari da yara, suna hana iyaye hutawa."

Na ce, "Ita takalmi ce?"

"Takalmi ai ana shiga da shi."

Kafin in sake buɗe baki wata tunkiya ta ja Tabita ta yi bayan labule da ita. Bunsuru ya miƙo mini takarda. "Ka dawo kafin ƙararrawar sha biyun rana. In ka wuce, ta zama ta gari, inji zai ƙarasa renonta. Yawancin iyaye ba sa dawowa, kuma ba wanda ya taɓa kawo ƙara."

Sai ga ni a coci ana sujada. Benci duk da katifa, amma ba mutum ko ɗaya, wayoyi ne jere a zaune, kowace a mazaunin mai ita. Faston fanka ce, tana juya kai dama da hagu, in ta tsaya sai wayoyin su ce amin. Zumuntar mata sun aiko da zannuwansu, zannuwan suna ta rawa a gaba su kaɗai. Na tambayi wani ƙadangare da ke tsaron ƙofa ina jama'a suke.

"Suna gida, sun turo wakilai."

"To addu'a fa?"

"An yi ta shekara biyar tun bara, tana cikin firji. Mai so ya ɗebo ya ɗumama."

Agogon bango ya nuna sha ɗaya.

Sai ga ni a wani gida mai ɗaki goma sha huɗu, wai nawa ne. Manyan yarana kowa a ɗakinsa da ƙofa a rufe, tuwo yana fitowa daga jikin bango, cokali yana ɗiba yana kai musu baki da kansa. Matata Afiniki tana kishingiɗe a kujera, ta yi ƙiba ta yi sheƙi, amma ba hannuwa.

"Maman Briskila, ina hannuwanki?"

"Na ajiye su a kabad, Baban Briskila. Me zan yi da su? Kawo naka in haɗa."

"An karɓe Tabita."

"To ai ka huta. Ba kai ne kullum kake cewa ta cika surutu ba?"

Wannan maganar ta soke ni, don na sha faɗa.

Na fita da gudu. Hanyar garin in ka yi gaba baya take kai ka, saboda haka na juya na yi gudun da baya da baya, na iso ofis saura minti biyar. Na ba Bunsuru takarda, ya tauna, ya haɗiye, ya ce takardar ta yi daidai. Ya yaye labule.

Yara sun fi dubu a zaune, kowa yana kallon gilashi a tafin hannunsa, hasken ya mai da fuskokinsu iri ɗaya. Ba kuka, ba faɗa, ba mai neman ruwa. Gari ya ci gaba ƙwarai.

"Zaɓi taka," in ji Bunsuru. "Sau ɗaya ake zaɓa."

Na ƙwala kira, "Tabita!" Gilasai dubu suka amsa da muryarta, "Na'am, Baba." Yaran ko motsi.

"Kana da lambar sirrinta?"

"Ni na haife ta."

"Wannan ba lamba ba ce."

Na sa hannu a aljihu don in nemi abin jifan sa, sai na ji gyaɗa. A gidana, in an gama cin abincin yamma, ba talabijin ba rediyo. Tabarma ake shimfiɗawa, a juye kwandon gyaɗa, kowa yana ɓara yana biya ayar da aka ba shi a Sande sukul, ajin yara na coci, ni ina gyara wa mai kuskure duk da rabin ayoyin a bakinsu na koya. Ƙanin matata da ke birni yana kiran gidana gidan yari. Ya ce akwai injin ɓarar gyaɗa, na ce injin ya san aya?

Na zauna a ƙasa, na juye gyaɗar a gabana, na fara ɓara. Ban kalli kowa ba. Na ware wata mai 'ya'ya uku na ajiye kusa da gwiwata, na juya kai kamar ina duba wani abu.

Can sai na ji motsi. Wani hannu, na hagu, ya biyo ta ƙarƙashin gwiwar hannuna a hankali, ya tsallake duk sauran, ya nufi mai 'ya'ya ukun nan. Shekara biyar ina kama ɓarawon nan a kan tabarmata. Na damƙe wuyan hannun.

"Baba, ɗaya ce fa kawai," ta ce, da bakinta na gaskiya.

Sauran yaran suka ɗago kai. Wata ƙarama ta ce, "Baba, mu namu baban yaushe zai zo?" Na tura musu sauran gyaɗar.

Ƙararrawa ta fara bugawa. Bunsuru ya cire tabarau.

"Dattijo, ka yi tunani. In ka fita da ita, aiki za ta sha. Shara, wanke-wanke, addu'ar asuba cikin sanyi. Za ta ji haushinka har ta shekara ashirin."

Na ce, "Ta ji haushina a gidana."

Na ja ta muka nufi ƙofa, ƙararrawa tana ta gwam, gwam, gwam, ina ƙirgawa, na kai goma sha ɗaya.

Ashe guga ne yake dukan bangon rijiya. Gari ya waye. Tabita ce ke jan ruwa, tana ja tana gunaguni, wai gidan su ƙawarta Rahab famfo ake murɗawa, mu kuwa sai ka ce ba 'yan Adam ba. Ina kwance ina sauraronta, ban tashi ba sai da ta cika bokitin.