Makara a Lungun Rakiyatu

"Ku ɗan karkata ta!"

"An karkata, ba ta wuce ba!"

Makarar Malam Abdulbaƙi ta cije a kwanar lungu, maza sai gumi suke yi duk da sanyin Tamanrasset. Rakiyatu, maƙwabciyarsa, tana tsaye a ƙofarta, takaici ya ishe ta.

Lungun nan na tsofaffin gidajen gwamnati a unguwar Sersouf dama matsattse ne. Bara ma'aikata suka zo suka manna wa bangaye farin soso mai kauri, suka shafe da siminti, wai a rage ƙona gas lokacin sanyi da shan wuta lokacin zafi. Da farko sun tsallake layin, suka ce gini ne mai wuyar gyara. Rakiyatu ce ta yi ta sintiri a buro, ofishin masu aikin, har suka gaji da ganin fuskarta. Aka manna wa bangonta, aka manna wa na Malam da ke fuskantarsa, lungu ya tsuke. Babu wanda ya tuna cewa wata rana za a fito da mutum a kwance.

Shi kuwa Malam, mai shayi ne ɗan Damagaram, da aka fara aikin har korar ma'aikata ya yi da mafici. Da sanyi ya shigo, shi ne kuma ya riƙa kiran mutane su taɓa bangonsa. Ko shekaranjiya da ta kai masa kunu ya ce, "Rakiyatu, bana ban kunna gawayi ba ko sau ɗaya." Ita ma bana ne kawai ciwon gwiwa ya bar ta ta yi barci.

Mansur, ɗan ƙanen marigayin, ya share goshi.

"Inna, sai dai mu miƙar da shi tsaye mu juya."

"Tsaye? Buhun gero ne?"

"To a kankare nasa bangon."

"Makarar a nawa bangon ta cije, ko ba ka gani?"

Wani daga baya ya ce, "Hajiya, in aka fasa, ba za su dawo su gyara ba. Shef ɗin ma'aikata ya ce shantiye ya rufe, aiki ya ƙare."

Ta sani sarai. Ita ta san zaman da ta yi a bencin buro. Haushin ma'aikata ya kama ta, da na mazan nan, har da na Malam da ya tashi tafiya a tsakiyar sanyi.

Ta shiga kicin ta fito da adda.

"Karɓi. Daga nan zuwa nan. Kada ka wuce, Mansur, na san hannunka."

Ya sara. Simintin ya fashe, soso ya yi ta zuba, tsohon bulo ya bayyana. Makara ta juya a kwance, maza suka fita da salati.

Rakiyatu ta ɗauko tsintsiya. Tana shara, fararen ƙwayoyin soson suna tashi suna bin iska ta hanyar da aka fita da shi. Ta dafa bulon da tafin hannunta, har ya riga ya yi sanyi.