Takardar Sunayen Baƙi

Shekarar da gwamnati ta yi wa ma'aikatanta ƙarin albashi, mu da muke ɗinka takalma a wata 'yar masana'anta a Fagge labari kawai muka ji. Masinja ya sayi babur, kuɗin shinkafa a kasuwar Singa ya yi sama, mu kuwa muna nan inda muke. Sai muka kira taro a tsakar gida, lokacin hutun azahar.

Abdulmuminu, shugaban ƙungiyarmu, ya ce a tilasta wa mai kamfani ya biya mafi ƙarancin albashi kamar na gwamnati. Wani ya ce ai takalman Italiya ne suka kashe mu, a hana shigo da su kowa ya huta. Ni Ilu, da bakina ba ya iya zama a rufe, na miƙe na ce duk zancen banza ne. Tun da yunwa da fari suka koro mutanen Nijar, suna karɓar rabin abin da muke karɓa har da godiya. Wa zai ƙara mana alhali ga su a bakin ƙofa?

Aka tafa mini. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Aka tsayar da magana a rubuta sunayensu da inda suke kwana, a kai wa hukuma. Su bakwai ne, kuma babu ko ɗaya a taron. Na farkonsu Mamman Tawa, mai yankan fata a teburin da ke kusa da nawa, wanda ya binne 'ya'ya biyu a hanya kafin ya iso Kano da matarsa Fanta. Sai da aka ambaci sunansa na gane abin da na jawo.

Rubutun ya faɗa hannun Sylvester, akawunmu. Ya gudu Gabas a rikicin sittin da shida, ya dawo Sabon Gari bayan yaƙi, shi kaɗai. Ƙanensa Chukwuma, mai ɗinkin takalma, a gidansu aka same shi aka kashe. Ba ya zancen, mu ma ba ma yi.

Ya ja layi biyu da rula, a tsanake. Ya rubuta sunan Mamman, ya ɗora bakin biro a layi na biyu.

"Ina yake kwana?" ya tambaya da Hausarsa mai kyau.

Kowa ya juyo gare ni. Ni nake rage wa Mamman hanya a keke kullum.

A sittin da shida ni nake kai fata gida-gida a Sabon Gari. Wasu mutane riƙe da sanduna suka tare ni a bakin kasuwa, suka ce ina gidan masu takalman nan. Ban ce uffan ba. Baki kawai na turo wajen layin, na hau kekena. Shekara tara ina gaya wa kaina ai ban yi magana ba.

"Ban san gidan ba," na ce.

Sylvester bai ɗago kai ba.

"Haba Malam Ilu," ya ce a hankali. "Kai da ka san gidan kowa."

Har yau ban san abin da yake nufi ba. Wataƙila zancen keke kawai yake yi. Tsoro dai ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Ka faɗa mana, lokaci na tafiya," in ji Abdulmuminu. "Ba kai ka kawo shawarar ba?"

Na sake cewa ban sani ba. Sai wani daga baya ya ce ai bayan maƙerar Fagge ne, gida mai ƙofar langa-langa. Sylvester ya rubuta, harafi bayan harafi, ya busa tawadar.

Ba a ma kai takardar ko'ina ba. Labarinta ya riga ta fita, kafin Juma'a su bakwai ɗin sun watse. Na je bayan maƙera na tarar da ɗakin a buɗe, an share shi tas. Maƙwabciya ta ce Fanta ta bar mini sallahu, wai a yi wa Malam Ilu godiya, sun ji shi kaɗai ne ya ƙi faɗa.