Agogon Da Ya Ƙi Bin Gwamnati

Saura kwana uku Kirsimeti, lokacin da ake tsakiyar zafi a ƙasar, Desmond Harkin, kansilan ayyuka na garin Tullagoona, ya kira Merrilyn Tuckey ta ɗauki hoton agogon rana da ke bakin kasuwar tumaki. Ita kaɗai ce mai hoto a garin, daga biki har gasar askin tumaki. Ta kuma san abin da aka ƙulla. Majalisar garin na so ta tumɓuke agogon ta yi wurin ajiye motoci, ana neman hoton da zai nuna cewa ƙarya yake yi.

Mahaifinta ne ya ƙera shi. Ƙarfen layin dogo ya samo, tsawon mutum huɗu, ya kafa shi a karkace yana nuna kudu, ya jera lambobi a ƙasa da farin dutse. Shekara biyu yana awon inuwa kafin ya dasa dutse ɗaya. Yau shekararsa tara da rasuwa.

Laifin agogon ɗaya ne. Duk lokacin zafi gwamnatin jiha kan tura agogo gaba da awa guda, kowa ya bi. Ƙarfen nan kuwa bai taɓa bi ba.

Des, kamar yadda ake kiran kansilan, ya iso cikin farar riga an sha guga, don ya ji hoton zai fito a jarida. Merrilyn ta riga ta hau bayan motarta ta kafa kyamara. Ya tsaya gindin ƙarfen, ya ɗaga hannu agogonsa na ƙyalli.

"Sha biyu daidai," in ji shi. "Dubi inuwar, tana kan sha ɗaya. Danna mu tafi."

"Sha biyu ka ce in ɗauka, ranka ya daɗe. Ba ta yi ba tukuna."

"Merri, bar wasan nan. Ga agogo a hannuna."

"Na gan shi. Wa ya ce masa sha biyu ta yi, rana ko wasu masu kwat a can birnin Sydney?"

"Doka ce."

"To ka ɗaga kai ka karanta mata dokar, ga ta can sama."

Ta zauna a kan akwatin kayanta, ta zuba shayi, ta gyara malafa. Tun suna aji ɗaya a firamare ta san Des, ya gwammace ya narke da a ce mace ta fi shi jure rana. Haka kuwa aka yi. Ya tsaya ƙiƙam, ƙudaje suka mai da bayansa masauki, rigar ta manne masa.

"Taurin kan tsohonki kika kwaso," ya ce yana share wuya.

"Har da ragowa na ajiye a gida."

"Ko ki ɗauka ko kar ki ɗauka, da yamma majalisa za ta zauna."

Wannan ta soke ta, don gaskiya ce. Tsoro ya kama ta ƙwarai. Amma ba ta tashi ba. Ta zuba wa inuwar ido tana jan jiki a kan siminti kamar tsohuwa mai ciwon gwiwa.

Da inuwar ta hau farin dutsen sha biyu, Merrilyn ta miƙe.

"Ɗaga hannun, yallaɓai. Yawwa."

Ta danna sau ɗaya, ta sauko ta nuna masa fuskar kyamarar. Ga ƙarfen, inuwarsa ta raba dutsen gida biyu. Ga sandar fitila da tankin ruwa da bishiyar turare, kowanne ya tattare inuwarsa a gindinsa. Ga Des a tsakiya jage-jage da gumi, tasa inuwar ta dunƙule a ƙarƙashin takalminsa, agogonsa na nuna ƙarfe ɗaya.

"Duk abin da ke cikin hoton nan ya ce rana ta raba," ta ce. "Abu ɗaya ne ya musa, kuma a hannunka yake."

"Ba wannan na ce ki ɗauka ba."

"Shi kaɗai na ɗauka, shi zan kai majalisa da kaina. In duk mai bin rana za ku tumɓuke, Des, da kai za a fara."

Des ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa. Ya ɗan matsa gefe, inuwar ta bi shi.