Ranar da Nagode ta Faɗa Kanal

Malama Justina tana goge allo ta ji ihu daga bayan makaranta.

"Ku taho! Nagode ta hwaɗa ruwa!"

Ta yar da tsumman ta fita a guje, ko takalmi babu. Kanal ɗin ban ruwa da kamfanin dam ɗin Bakolori ya haƙa bara ya bi ta bayan azuzuwa ne, an shafe gefensa da siminti, santsi kamar an zuba mai. Yara kusan ashirin na tsaye a bakinsa sun yi cirko-cirko, ba mai cewa uffan sai Zuwaira 'yar aji huɗu da ke ta kururuwa. Can ƙasa ruwa na jan Nagode, 'yar aji ɗaya, kanta na nitsewa yana ɓullowa.

Justina ta riga ruwan isa ƙaramar gadar da ke gaba. Ta kwanta rubda ciki, ta zura hannu, ta cafki wuyan rigar yarinyar. Sai da malamai biyu suka riƙe ƙafafunta kafin aka tsamo ta. Nagode ta amayar da ruwa, ta fashe da kuka.

Justina ta dubi sauran yaran tana haki. "Tun yaushe ta faɗa? Me ya hana ku kira?"

Suka sunkuyar da kai. Wata ta ce a hankali, "Malama, ba mu san yadda aka hwaɗinai da Turanci ba."

Wata uku ke nan da hedimasta, Malam Ɗantala, ya kafa doka: ba Hausa, ba Fillanci a harabar makaranta. Wanda aka kama, a rataya masa ƙashin saniya a wuya, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa. Wanda aka tashi ƙashin na wuyansa, bulala shida. Tun daga lokacin filin wasa ya yi tsit kamar gidan makoki.

Da aka buga ƙararrawar tashi, yara suka jeru. Malam Ɗantala ya hau dakali, ya gode wa Allah da Turanci, ya yaba wa Malama Justina. Sannan ya kira Zuwaira. Ashe yarinyar da ke ɗauke da ƙashin tun safe ta sauke mata shi ana cikin hayaniyar.

"Ta yi abin kirki," in ji shi, har yanzu da Turanci, "amma doka doka ce. Don haka na rage mata. Bulala biyu."

Zuwaira ta ɗago kai, idanunta a bushe. "Mi nay yi?"

Justina ta fito daga layin malamai, gaban rigarta duk laka. Ta cire igiyar daga wuyan Zuwaira, ta rataya a nata. Ta juya ga yaran, ta ɗaga murya da Hausa, har mata masu tallan gyaɗa a bakin ƙofa suka miƙe.

"Ku saurara. In kun ga wuta, ko maciji, ko ɗan'uwanku cikin ruwa, ku yi ihu da bakin da uwarku ta ba ku. Zuwaira, je ki gida." Ta miƙa wa hedimasta tafin hannu. "Ranka ya daɗe, ga mai laifi. Ƙashi na wuyana aka tashi."

Wani yaro ya ƙyalƙyale da dariya ya toshe baki. Malam Ɗantala ya daɗe yana kallon hannun. Ya sallami yara, ya ce ta same shi a ofis.

Yana rufe ƙofa Turancin ya ƙare.

"Kin kunyata ni gaban ɗiyan mutane, Malama! Ke baƙuwa ta, ba ki san abin da muka gani ba. Ubana gona tai guda ukku ruwa ya ci a Maradun. An kawo mai takarda da Turanci, ya dangwala yatsa bai san mi ya dangwala ba. Je ki wurin aikin dam ki gani. Masu Turanci na cikin inuwa da biro, namu na ɗaukar kwanon kankare. So kike waɗanga su ma su ƙare hakanan?"

"Ba na so," ta ce. "Ni nake koya musu Turancin, kuma zan koya musu har su fi ni. Amma ni ma an rataya mini irin wannan a makarantarmu ta Zuru. Nawa gwangwani ne. Na shekara shida ina tsoron bakina. Da na koma gida, kakata na kwance tana mini magana da Dakarci, ina jin rabi, ban iya mayar mata da ko kalma goma ba. Har ta rasu sai da tafinta muke gaisawa, a ɗaki ɗaya. Turancin kuwa ba gwangwanin ya koya mini ba, wata malama ce mai haƙuri."

"Wannan naki na."

"Na Nagode fa? Yara ashirin na kallo tana nitsewa suna neman kalma."

Ya jawo takarda ya rubuta mata tuhuma, layi huɗu da Turanci: ta yi bayanin dalilin da zai hana a kai ƙararta ofishin ilimi. Ya ce ta sani ƙarshenta canjin wurin aiki ne, wataƙila Damaga, inda ko motar kasuwa sai sati-sati.

"Kina da kwana ukku."

"Ba sai an kai kwana uku ba."

Ta ja kujera ta zauna a gefen teburinsa. Ta cika shafi guda da baya, da Hausa tun daga gaisuwa har sa hannu. Ta faɗi abin da ya faru a bakin kanal, ta ce ba ta nemi afuwa ba, kuma muddin tana riƙe da aji, a nan ko a Damaga, ba yaron da za a doka a gabanta don ya yi maganar gidansu.

Malam Ɗantala ya karɓa ya ga harshen da aka yi rubutun. Ta zaci zai yayyaga. Sai ya gyara tabarau ya karanta har ƙasa, leɓunansa na motsi. A tsakiyar shafi ya tsaya, ya ɗauki jan biro.

"Nan kin rubuta kasa. Ƙasa kike nuhi. Akwai lanƙwasa."

Ya lanƙwasa mata harafin da kyau, ya buga hatimi, ya sa takardar a cikin fayil ɗin da za a kai ofishin ilimi.