Guɗar Hajja Fatna

"Ku miƙo min turaren can tukuna," in ji Hajja Fatna. "Ba zan shiga gaban alƙali ina warin magani ba."

Jikanyarta Marwa tana fama da jingina waya a jikin fulas ɗin shayi, ta yi dariya ba ta juyo ba. "Ya Sitti, kakata, ba ke za a gani ba. Ni da Sabuwa ne kawai za mu fito. Ke dai ki yi shiru, halas, shi ke nan."

"A ɗakina za a yi shari'a, a ce in yi shiru?"

Sabuwa ce ta ɗauko kwalbar, ta shafa wa tsohuwar a bayan kunne da tafin hannu. Tun da likitoci suka ce zuciyar Hajja ta gaji, babu sauran abin da za su yi, tsohuwar ta ce a mayar da ita gidanta na unguwar Sih a Madina ta mutu kan katifarta. Shi ya sa da ranar yanke hukunci ta zo, kuma kotu ta ce ta waya za a yi zaman, Sabuwa ta ce ba za ta zauna ko'ina ba sai a nan.

Ba jini ya haɗa su ba. Daga Tasawa aka kawo Sabuwa da alkawarin aikin shara da wanke-wanke. Tana sauka wata mata ta karɓe fasfonta, aka kai ta hawa na sama a wani gini da ake ba da hayar ɗakuna kwana-kwana, aka rufe ta. Maza suna hawa suna sauka, ma'aikatan da ke teburin ƙasa suna gani. Sau ɗaya ta samu ta sauko, ta roƙi mai teburin ya kira mata 'yan sanda, shi kuwa ya ɗaga waya ya kira matar da ke tsare da ita. Ranar da Allah ya yi mata gudu, da hantsi ne, mai shara ya bar ƙofar baya a buɗe. Ta yi ta tafiya ba takalmi har ta faɗo wani lungu, ta ji wata tsohuwa a bakin ƙofa tana yi wa kyanwa faɗa da Hausa. Sabuwa ta tsaya a gabanta. Tsohuwar ta dubi ƙafafunta, ta ce, "Shigo ki sha ruwa, 'yar nan."

Hajja ce ta raka ta wurin 'yan sanda. Aka kama matar da abokan aikinta, aka ɗaure su. Abdulsalam, ɗan Hajja, ya yi ta zirga-zirga har takardun zaman Sabuwa suka daidaita, ta sami aiki a wani gidan girki, ta kama ɗaki a gidan da ke kallon na Hajja. Amma kamfanin da ke da ginin ya sake fenti, ya sauya allo, ya ci gaba da kasuwancinsa. Wannan ne ya tsaya wa Hajja a rai. Da Marwa ta zama lauya, kakarta ta ce ƙarar Sabuwa za ta fara shigarwa.

Kamfanin ya aiko a yi sulhu, da sharaɗin ta janye, kada kuma ta sake ambaton sunansu. Matan unguwa suka ce ta karɓa ta rufa wa kanta asiri, ita mace ce, gobe za ta so aure. Saura kaɗan ta yarda. Hajja ta ce mata, "Asirin wa za a rufe? Ke ba ki yi abin kunya ba. Nasu asirin suke so ki rufe musu. In kin gaji ki bari, ba zan ga laifinki ba, amma kada ki bari don kunya."

Wayar ta yi ƙara, fuskar alƙali ta bayyana, da ta lauyan kamfanin, da ta tafinta. Marwa ta gyara mayafi, muryarta ta koma ta aiki. Lauyan kamfanin ya maimaita abin da ya saba faɗa, cewa su haya suke bayarwa, ba su san abin da ɗan haya ke yi a bayan ƙofa ba. Alƙali ya tambayi mai ƙara ko tana da magana ta ƙarshe.

Sabuwa ta dubi fuskokin nan a cikin gilashi, ta ji kamar tana tsaye gaban teburin nan na ƙasa. Sai ta ji ɗan yatsan ƙafar Hajja ya zungure ta a ƙugu daga ƙarƙashin bargo, irin zungurin da take yi mata in ta bar miya ta kama.

"Ranka ya daɗe," ta ce da Hausa, tafinta yana juyawa, "na gaya musu da bakina. Na ce a taimake ni. Mutumin ya dube ni, ya san abin da nake faɗa, ya mayar da ni sama. Ina so a rubuta cewa sun sani."

Alƙali ya karanta hukunci da Larabci mai nauyi, Sabuwa ba ta kama rabinsa ba. Fuskar Marwa ta zuba wa ido. Kotu ta tabbatar kamfanin ya yi sakaci, ma'aikatansa sun ga cuta sun kau da kai. Za su biya diyya, za a kuma miƙa batun lasisinsu ga hukuma.

"Me ya ce?" in ji Hajja.

"Mun ci, ya Sitti," Marwa ta raɗa.

Tsohuwar da tun jiya ba ta iya ɗaga kofi ta buɗe baki ta rangaɗa guɗa. Siririya ce, a karkace, ta yanke a tsakiya, amma guɗa ce, kuma wayar a buɗe take. Alƙali ya ɗago kai, ya yi gyaran murya, ya ce an rufe zama. Marwa ta kife wayar ta faɗa jikin Sabuwa, suna dariya hawaye na zuba.

"Suna iya ɗaukaka ƙara fa," in ji Marwa tana share ido.

Hajja ta ce, "Su ɗaukaka. Ai an riga an faɗa a gabansu. Ku kira min Abdulsalam ya sayo tsire."

"Likita ya hana ki gishiri, Hajja," in ji Sabuwa.

"Likitan ya ce zan tashi ne in na bari?"

Kafin la'asar ɗakin ya cika. Matan da suka ce a yi sulhu su ne suka fara shigowa, wata da dabino, wata da tiren kek ɗin Larabawa da ake kira basbusa, suna ta mabruk suna taya murna. Raudatu, wadda ta fi kowa matsa mata ta janye, ta riƙe hannun Sabuwa ta daɗe ba ta saki ba. Hajja ba ta iya tauna naman ba, ta dangwali yajin da yatsa ta lasa, ta lumshe ido. Ta ba su labarin yadda aka haife ta a Sudan kan hanyar hajji, da yadda mahaifinta ya ɗora ta a wuya ranar da suka fara hango Madina. Ta yi wa Raudatu tsiyar cewa basbusarta ta sha sukari kamar za a ba doki. Sabuwa tana zuba shayi tana ji ana kiran sunanta da ƙarfi a cikin taro, ba wanda ya rage murya.

Ranar Alhamis da hantsi Sabuwa tana taje wa Hajja kai, tsohuwar ta ce, "Ɗiyata, in diyyar nan ta fito, ki je ki ga uwarki. Ki je da kanki a ɗage."

"Zan je, Hajja."

"Ki dawo kuma. Marwa ba ta iya tuwo ba."

Sabuwa ta yi dariya, ta ci gaba da kitsa farin gashin. Ta ji leɓen tsohuwar yana motsi da kalmar shahada, ta taya ta a hankali. Ba ta kai ƙarshen kitson ba ta ji kan ya yi nauyi a cinyarta. Ta ƙarasa shi tukuna, ta shafe mata idanu, sannan ta kira Abdulsalam.

Bayan sallar la'asar aka yi mata salla a Harami, dubban mutanen da ba su taɓa jin sunanta ba suka yi sahu a kanta. Maza suka ɗauke ta suka nufi maƙabartar Baƙi'a da sauri. Mata ba sa shiga, don haka Sabuwa da Marwa suka tsaya daga wajen katanga, kafaɗa da kafaɗa. Suna hango makarar tana tafiya bisa kawunan mutane har ta shige ƙofa. Tattabarun da ke kiwo a farfajiyar suka tashi suka ba masu ɗaukarta hanya, suka yi kewaye ɗaya a sama, suka dawo suka sauka kusa da ƙafafunsu.